ADAM SMITH, MALAMIN DA YA MAYAR WA ALMAJIRANSA DA KUƊINSU

A farkon shekarar 1764, a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, wani malami ya ƙare karatunsa na ƙarshe, ya yi sallama da almajiransa, sa'an nan ya sa hannu aljihu ya fito da waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle na takarda, kowanne da kuɗi a ciki. Kuɗin nan su ne ladan karatu da almajiran suka biya shi tun farkon shekarar makaranta. Tafiya ta kama shi bai kai su ƙarshen karatun ba, saboda haka ya ga ba shi da hakkin riƙe su. Ya kira yaro na fari da sunansa, ya miƙa masa nasa. Yaro ya ƙi karɓa, ya ce ilmin da ya riga ya samu ya fi abin da ya biya nesa ba kusa ba. Aji duka ya ɗauka, kowa na cewa haka ne. Malam ya gode musu, amma ya gaya musu zuciyarsa ba za ta natsu ba in ya tafi da kwabon da bai yi wa aiki ba. Ya cafko rigar yaron da ke kusa da shi, ya cusa masa kuɗin cikin aljihu, ya ture shi gefe. Da sauran suka ga ba makawa, sai kowa ya karɓi nasa.

Malamin nan shi ne Adam Smith, wanda Turawa ke kira uban ilmin tattalin arziki. Duniya ta san shi ne ta wajen littafinsa, amma kafin ya zama mawallafi malamin aji ne, wanda ya yi shekara 13 yana tsayuwa gaban yara, littafin ma a cikin aji aka haife shi. Tun da ya ke ba a raba mutane da shawara a kan yadda ya kamata a gane gwanin malami a kuma saka masa, balle masu koyar da sha'anin kuɗi da tanadi, ya kyautu mu duba tarihin wannan mutum, gama ya zauna gaban malamai iri biyu, ya kuma bar mana ra'ayinsa a kan abin da ya raba su.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi cikin shekarar 1723 a Kirkcaldy, wani ƙaramin gari na bakin teku wanda ke fuskantar Edinbara, babban birnin Sikotlan, ruwa ne tsakaninsu. Ubansa ma'aikacin kwastan ne, ya kuwa rasu tun ba a haifi yaron ba. Mahaifiyarsa, Margaret Douglas, ita ta rene shi ita kaɗai, shi ma bai taɓa yin aure ba, ya riƙe ta har ta rasu a 1784. An ruwaito cewa yana ɗan shekara 3 waɗansu mayawata suka sace shi, aka bi sawunsu aka ƙwato shi.

Ya fara karatu a makarantar garinsu a hannun wani malami mai suna David Miller, inda ya koyi Latin da lissafi da tarihi. A 1737, yana da shekara 14, ya shiga Jami'ar Gilasgo. Can ya gamu da Francis Hutcheson, shaihun malami mai koyar da ilmin halayen kirki. A zamanin nan al'adar jami'o'i ita ce malami ya karanta darasinsa cikin Latin, ko yara sun gane ko ba su gane ba. Hutcheson yana cikin na farko da suka bar wannan hanya, ya riƙa koyarwa da Ingilishi, da zafin zuciya, har yara su ji abin ya shige su. Bayan shekara 50, sa'ad da Adam Smith ya tsufa ya shahara, bai fasa ambaton wannan malami da girmamawa ba.

A 1740 ya sami taimakon karatu na fam 40 a shekara domin ya tafi Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oksfod a Ingila. Bisa doki ya yi tafiyar. Ya iske makaranta mai dukiya, ga gine-gine, ga littattafai, amma koyarwa ta yi sanyi ƙwarai. Kwalejojin suna da gonaki da kadarori da aka yi musu waƙafi, malamai na cin rabonsu ko sun shiga aji ko ba su shiga ba. Ya shekara 6 a nan, yawancin abin da ya koya kuwa shi ya koya wa kansa a ɗakin littattafai. Ya koma gida a 1746 da tambaya guda a ransa, wadda ya yi shekaru yana juyawa: me ya sa malaman Gilasgo, waɗanda ba su da yawan abin hannu, su ke aiki haiƙan, na Oksfod kuwa masu wadata suka kwanta?

Shekarunsa A Aji

Daga 1748 ya fara ba da lacca ga jama'a a Edinbara a kan balaga da adabi, daga baya ya ƙara da shari'a. Sunan da ya yi a nan shi ya sa Jami'ar Gilasgo ta naɗa shi shaihun malamin manɗiƙi, watau ƙa'idojin kafa hujja, a 1751. Shekara na kewayowa aka ba shi kujerar ilmin halayen kirki, wadda malaminsa Hutcheson ya taɓa zama a kai.

Aikin ba na raggo ba ne. Ya kan shiga babban aji da ƙarfe 7 da rabi na safe, cikin sanyin ƙasar nan da duhun hunturunta. Da ƙarfe 11 ya kan sake tara yaran ya yi musu tambayoyi a kan darasin safe, don ya tabbata sun gane. A waɗansu ranaku kuma da tsakar rana yana da ƙaramin aji na waɗanda suka yi nisa. Ya kasa karatunsa kashi huɗu: sanin Mahalicci ta hanyar hankali, da halayen kirki, da shari'a, sa'an nan dokokin da ke ƙara wa ƙasa arziki da yalwa, watau ciniki da kuɗi da haraji. Wannan kashi na huɗu shi ne tushen ilmin tattalin arziki da a ke karantarwa a makarantu.

Wani almajirinsa, John Millar, wanda daga baya ya zama shaihun malamin shari'a a wannan Jami'a, ya bayyana yadda malaminsu ke koyarwa. Ba ya dogara ga takarda. In ya fara, sai ka ga kamar yana laluben magana, amma da ya shiga cikin zancen sai harshe ya sake, misalai su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya yi kama da wuya ya zama a fili. An ruwaito kuma cewa ya kan zaɓi fuskar yaro guda ta zama ma'auninsa. In yaron ya sunkuyo gaba yana saurare, ya san aji na tare da shi. In ya jingina baya ya saki jiki, to, sai Malam ya sake misali ko ya sauya hanya. Yara suka so shi har suna kwaikwayon yadda ya ke furta kalmomi. Sunansa ya kai nesa, har almajirai suka zo daga Janeba, biyu kuma daga Rasha, ɗayansu, Semyon Desnitsky, ya koma ya zama shaihun malamin shari'a a Jami'ar Mosko.

Bai tsare kansa cikin makaranta ba. Gilasgo a lokacin gari ne na manyan attajirai masu fataucin taba daga Amurka, suna da wata ƙungiya da su ke taruwa suna tattauna al'amuran ciniki, a ƙarƙashin Andrew Cochrane, wanda ya riƙe shugabancin birnin. Adam Smith ya shiga cikinsu, yana jin yadda a ke sayen kaya da sayarwa daga bakin masu yi, yana kai wa yaransa. A cikin harabar Jami'ar kuma akwai ɗakin aikin wani saurayi mai gyaran kayan awo, James Watt, wanda daga baya ya kyautata injin tururi.

Mutum ne mai mantuwa, ya kan yi tafiya yana magana shi kaɗai, har an ce wata rana ya jefa burodi cikin butar shayi, ya zuba ruwa, ya kurɓa, ya yi ƙarar shayin bai yi daɗi ba. Duk da haka, in aka zo wajen kuɗin jama'a ba ya mantuwa. Abokan aikinsa suka sa shi ma'ajin Jami'a daga 1758 zuwa 1760, suka kuma yi ta ɗora masa al'amuran lissafi da na mulkin makaranta. A 1759 ya buga littafinsa na fari, The Theory of Moral Sentiments, a kan yadda mutum ke gane kyakkyawa da mummuna ta wajen sa kansa a matsayin ɗan'uwansa. A 1762 Jami'ar ta ba shi digirin Dakta na shari'a.

Barin Aji

Wannan littafi ne ya jawo hankalin Charles Townshend, wani babban ɗan siyasar Ingila, wanda ke neman malamin da zai raka agolansa, Henry Scott, saurayin basaraken Buccleuch, yawon buɗe ido a ƙasashen Turai. Aka yi wa Adam Smith tayin fam 300 a shekara ban da guzuri, da fansho na fam 300 har iyakar ransa. Ya karɓa, amma kafin ya tashi ya yi wa hukumar Jami'a alkawari biyu: zai mayar wa kowane yaro kuɗinsa, zai kuma biya wanda zai ƙarasa musu karatun daga cikin albashinsa, su ji sauran darussan kyauta. Yadda ya cika na farkon shi ne labarin da muka buɗe da shi.

Sun yi wajen shekara ɗaya da rabi a Tulus ta kudancin Faransa, suka wuce Janeba inda ya ga Voltaire, sa'an nan Faris, inda ya zauna da masanan arziki irin su Quesnay da Turgot. A 1766 ƙanen basaraken ya rasu a Faris, tafiya ta yanke, suka komo. Daga 1767 ya koma Kirkcaldy wajen mahaifiyarsa, ya duƙufa rubutu. Ran 9 ga Maris, 1776, littafin ya fito a Landan cikin juzu'i biyu, The Wealth of Nations, watau Arzikin Al'ummai. Ana sayar da shi fam 1 da sule 16, bugun farko ya ƙare cikin wata 6.

Abin Da Ya Koyar

Mutanen zamaninsa da yawa sun ɗauka arzikin ƙasa shi ne yawan zinariya da azurfa da ta tara. Shi kuwa ya nuna arzikin ƙasa shi ne abin da aikin mutanenta ke samarwa kowace shekara na ci da sha da sutura da sauran bukatu. Ya kawo misalin wata ƙaramar masana'antar fil, 'yar allurar nan mai kai wadda a ke maƙala tufa ko takarda da ita. Mutum 10 ne a ciki, wani na jan waya, wani na miƙe ta, wani na yanka, wani na fiƙe baki, wani na sa kai. Da wannan rabon aiki su kan yi fil 48,000 a yini, alhali kuwa da kowa zai yi nasa shi kaɗai daga fari har ƙarshe, da wuya ya yi 20.

Game da aljihun mutum kuwa, ya ce aiki shi ke kawo abin da za a tara, amma tsimi shi ke tarawa. Jari ba ya ƙaruwa sai da abin da aka rage daga ci, almubazzaranci kuwa shi ke cinye shi. Ya raba bashi iri biyu: wanda aka ci don a juya, wannan ya kan biya kansa har da riba, da wanda aka ci don a kashe a sha'awa, wannan ya kan rushe wanda ya ci, ya bar mai ba da shi da nadama. Ya yi gargaɗi a kan cacar tikiti da hujjar lissafi: masu shirya ta ba za su taɓa raba duk abin da suka tara ba, saboda haka wanda ya sayi tikitin duka tilas ya yi hasara, yawan tikitin da mutum ya saya kuwa shi ne yawan kusantarsa ga wannan tabbatacciyar hasara.

Ga masu aikin kuɗin hukuma ya bar ƙa'idodi huɗu na haraji. Na ɗaya, kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa. Na biyu, a san abin da za a biya da lokacin biya a fili, kada a bar shi ga son ran mai karɓa, gama duhu a nan shi ke buɗe ƙofar zalunci da cin hanci. Na uku, a karɓa a lokacin da ya fi wa mai biya sauƙi. Na huɗu, kada kuɗin da a ke kashewa wajen tarawa ya cinye abin da ya kamata ya shiga baitulmali.

Waɗansu kan ɗauka mutumin nan ɗan goyon bayan attajirai ne kurum. Ba haka ba ne. Ya yarda a bar ciniki ya yi tafiyarsa ba tare da yawan shinge ba, amma ya faɗakar cewa 'yan sana'a ɗaya in sun taru, sau da yawa hirarsu kan ƙare da ƙulla yadda za su tsauwala wa jama'a kuɗin kaya. Ya kuma nuna aikin bawa, ko da ya ke kamar kyauta ne, a ƙarshe ya fi na ɗa tsada.

Ra'ayinsa A Kan Malamai

A kashin ƙarshe na littafin ya amsa tambayar da ya taho da ita daga Oksfod. Ya ce malami mutum ne kamar kowa, ƙoƙarinsa kan bi bukatar da ke akwai ta yin ƙoƙarin. In abincinsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ko ya koyar ko bai koyar ba, in kuma masu duba aikinsa abokansa ne waɗanda su ma ke son a kau da kai daga nasu sakaci, to, aji zai mutu. In kuwa wani jami'i ne daga nesa ke dubawa, wanda bai taɓa zama ya ji darasin ba, iyakar abin da zai iya shi ne ya tilasta malami ya cika sa'o'i, amma ba zai iya sa shi ya koyar da kyau ba, sai ma ya koya masa fadanci. A Gilasgo babban rabo na abin da malami ke samu daga hannun almajirai ya ke fitowa, suna kuwa zuwa ne inda suka ji ana amfana. A ganinsa, inda malami ke koyar da abin da ya isa a saurara, ba a bukatar sanda kafin manyan yara su zo aji.

Wannan hanya tana da nata haɗari, gama in duk ladan malami daga iyaye zai fito, ɗan talaka ya rasa wuri ke nan. Adam Smith ya ga haka. Ya kuma ga cewa rabon aikin nan da ya yaba yana iya dushe hankalin ma'aikaci, in ya ƙare ransa yana fiƙe bakin fil bai san kome ba bayan wannan. Saboda haka ya ba da shawara hukuma ta kafa ƙaramar makaranta a kowace gunduma, kamar yadda a ke yi a Sikotlan, a koya wa kowane yaro karatu da rubutu da lissafi, a ƙara da awon fili da sanin aikin inji. Hukuma ta biya wani kashi na albashin malami, iyaye su biya ɗan kaɗan wanda ko lebura zai iya. Ya kuma ce a riƙa ba yaran da suka yi fice 'yan kyaututtuka da lambobin yabo.

Ƙarshen Ransa Da Sakamakonsa

A 1778 aka naɗa shi Kwamishinan Kwastan na Sikotlan, da albashin fam 600 a shekara, ya koma Edinbara da zama. Nan da nan ya nemi ya sauke fanshon da basaraken Buccleuch ke biyansa, tun da ya sami abin dogara, amma tsohon almajirin nasa ya ƙi. Da ya duba jerin kayan da doka ta hana shigowa da su, sai ya tarar da yawa daga cikin ƙananan tufafinsa, irin su adiko da ɗaurin wuya, suna ciki. Bai yarda da hikimar dokar ba, ya ma rubuta a kan kuskurenta, amma tun da shi ne mai tsaronta, sai ya ƙone su don ya zama abin koyi. Sai bayan rasuwarsa aka gane dukiyar da ya bari ba ta kai yadda a ke zato ba, domin ya daɗe yana taimakon mabukata a ɓoye.

An ruwaito cewa a 1787, da ya je Landan, ya shiga wani taro a makare, manyan ƙasa suka miƙe tsaye, Firayim Minista William Pitt ya ƙi zama sai ya zauna, yana cewa dukansu almajiransa ne. Amma girman da ya fi taɓa zuciyarsa ya zo ne a ƙarshen wannan shekara, sa'ad da Jami'ar Gilasgo ta zaɓe shi Rekta, watau uban Jami'a, muƙamin da almajirai ke da murya wajen zaɓen mai riƙe shi. Shekara 23 ke nan da barinsa aji, yaran da suka zaɓe shi ba su taɓa zama gabansa ba. A takardar godiyarsa ya ambaci Hutcheson, ya kuma shaida cewa shekarun nan 13 na koyarwa su ne mafi amfani, mafi daɗi, mafi daraja a duk zamansa na duniya.

Da ya ji ƙarfinsa na ƙarewa, ya sa abokansa biyu, Joseph Black da James Hutton, suka ƙone kundi 16 na rubuce-rubucensa da bai gama gyarawa ba, har da na darussansa. Ya rasu ran 17 ga Yuli, 1790, aka binne shi a maƙabartar Canongate ta Edinbara. Daga baya an yi ta girmama shi. Bankin Ingila ya sa hotonsa a takardar fam 20 a 2007, ta yi aiki har 2022, an kuma kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar Edinbara a 2008.

Dutsen kabarinsa ya ambaci littattafansa biyu, bai ambaci ajinsa ba. Almajirai ne suka cike wannan giɓi. An ce ba ya son yara su riƙa rubutu yana magana, amma waɗansu sun rubuta. A 1895 aka kawo wa wani masani, Edwin Cannan, wani tsohon kundi na darussansa, ya buga shi a 1896. A 1958 kuma John Lothian ya sayi waɗansu a wani gwanjo a Abadin, na shekarar karatu ta 1762 zuwa 1763. Da aka duba, sai ga rabon aiki, ga misalin fil, ga bayanin kuɗi da ciniki, duk yara sun ji su da ƙarfe 7 da rabi na safe, fiye da shekara 12 kafin sarakuna da ministoci su karanta su a littafi.

Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san inda za a nemi gwanin. Duk hukumar da ke so ta ba malamin lissafin kuɗi da tanadi lambar yabo, ta yi tambaya uku da tarihin nan ya nuna. Shin yara na zuwa ajinsa da son ransu? Me ya rage a kansu bayan sun bar makaranta da shekaru? Yaya kuma shi kansa ya ke da kuɗin da aka ba shi amana? Amsoshin nan ba a cikin fayil su ke ba, suna bakin almajiransa, su ya kamata a fara tambaya, tun malamin yana da rai.